Rasuwar Akwatin Gindin Rimi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wuya cike da haushin da ya ƙi haɗiyuwa, Efo Senyo Kludze, tsohon malamin lissafi da ke zaune a Ho, yana sanar da 'yan'uwa masu wasan ɓoyo da nema rasuwar akwatinsa na roba, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadin da ta wuce, a gindin rimin da ke hanyar Amedzofe, bayan gajeriyar rashin lafiya mai zafin gaske.

Marigayin ya yi rayuwarsa a kan ƙa'idar wasa. Mai akwati ya ɓoye shi, ya sa wasa ƙwaƙwalwa a intanet, wanda ya warware ya sami lambobin wurin, ya bi su da wayarsa har ya ɗora hannu a kai. Sauran akwatunan ƙasar nan ba su da kamun kai, kowane ɗan yawon buɗe ido ya taɓa su. Marigayi kuwa shekara da shekaru yana kwance tsakanin saiwoyin rimi, babu mahaluƙin da ya gan shi. Wannan shi ne abin alfaharin Efo Senyo kaf a duniya, don 'ya'yansa ma ba ya yabonsu haka.

Mai sirri ne, mai haƙuri da ruwan sama, bai taɓa kai ƙarar tururuwa ba. Magana ɗaya aka san shi da ita, "ɓas", idan an ɗaga murfinsa, ita ma mai shi kaɗai ya taɓa jin ta.

Ya rasu ya bar mutane da dama cikin takaici. Akwai Elikem na Accra, injiniya mai digiri biyu, wanda ya yi ta zarya a motar haya har direbobi suka ɗauka budurwa gare shi a kan dutse. Wasa ƙwaƙwalwar ta ce a shiga maƙabartar tsohon coci, a gano ranar makon da aka haifi kowane mamaci daga sunansa na rana, a mayar da ranakun lambobi. Elikem ya lissafa, lissafi ya kai shi gidan rina, ya sauko fuska kamar ƙullin tuwon dokunu. Akwai Jamusawa biyu da suka tsallako teku musamman, suka ci tuwon akple da barkono, suka ƙare neman nasu a bayan gida. Akwai wata baiwar Allah daga Lome da ta bar takalminta a taɓo. Duk wanda ya dawo hannu rabbana, Efo yakan ba shi kujera da ruwan sanyi, ya saurari wahalarsa yana lumshe ido don daɗi, sannan ya ce, "Ka sake karantawa, ɗana. Ai da harshen mutane na rubuta."

Ciwon ajali ya samo asali ne daga hikimar mai shi. Don kada a hango marigayi, Efo ya naɗe shi da baƙin ƙyalle, ya ɗaure da jan zare. Don wanda ya samu ya koma gida da tsaraba, ya zuba masa wuri, da 'yar tsana ta katako, da tsofaffin kwabbai, da ƙaramin kwaɗo a kulle. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, ya girma a ƙasar nan, shi ne ya haɗa waɗannan kaya ya tura gindin rimi a bakin gonar mutane, kuma ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa me suka yi kama da shi ba.

Mutanen ƙauye dai sun daɗe suna ganin baƙi na kewaya dajinsu, kai a sunkuye, suna gunaguni da waya a hannu. Bana rogo ya ruɓe, akuyoyi suka yi ɓari, ɗan mai gonar ya faɗi jarrabawa. Ranar Lahadi bayan sujada, Fasto Agbenyo ya ɗebo jama'a da ganguna da galan na kananzir, suka nufi rimin kai tsaye, babu lissafi, babu waya. Da aka kwance ƙyallen aka ga kwaɗon, wata tsohuwa ta zube tana kuka, ta ce ga abin da ya kulle cikin 'yarta. Marigayi ya ce "ɓas" a gaban taro, karo na farko kuma na ƙarshe. Shaidu sun ce daga nan sai "tsss", ya narke yana wari.

Elikem ne ya fara kiran ta'aziyya, muryarsa na rawa, ba don kuka ba. Ya tuna wa Efo cewa a ƙa'idar wasa, wanda ya fara ɗora hannu shi ne gwani, kuma dole mai akwati ya taya shi murna a bainar jama'a. Efo ya hau mota ya je ƙauyen yana huci, a faɗa masa wane jahili ne ya yi tuntuɓe da aikin shekarunsa. Fasto ya ce babu tuntuɓe, wata mata ce daga Ho ta zo ta ja su har wurin, ita ta zura hannu ta zaro. Ya ma yaba da ƙarfin imaninta.

Matar ita ce Daavi Akorfa, uwargidan Efo. A kan teburin girkinta aka naɗe marigayi, jan zaren ma nata ne, kuma ita ta riƙe wa mijin jaka ranar da ya ɓoye shi. Ta san sarai babu asiri a ciki. Tana tsaye aka watsa kananzir, an ce ma ashanar daga jakarta ta fito.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan gidan Efo Senyo, kusa da kejin kaji. An tattara abin da ya saura a gwangwanin madara. Ana roƙon jama'a su sa baƙi da ja. Adireshin a fili yake wannan karon, ko Elikem zai iya zuwa. Kowa ya ci abincinsa daga gida, don ba za a ɗora tukunya ba.

A wurin ne aka shirya Efo Senyo zai miƙe ya taya gwanar murna kamar yadda ƙa'ida ta ce, sai dai ta ba shi saƙo ga masu makoki, ta ce a buga shi yadda ta faɗa:

"Efo, ka ce musu ba zan samu zuwa ba, ina da 'yar tafiya. Ranar da aka binne uwata kana Kpalime kana laluben wani akwati a ƙarƙashin gada. Ka dawo ka ce in daina kuka, ai ba za ta san ba ka zo ba. To, akwatin naka ma ba zai sani ba."