Rasuwar Ƙosau, Ragon Kwali na Malam Bashar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu danƙon gam, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bungudu da Gusau da Tsafe rasuwar Ƙosau, ragon Malam Bashar Isah Bungudu mazaunin birnin Glasgo a ƙasar Birtaniya. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi a kan hitar ɗumama ɗaki, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana dab da cika shekara huɗu. Ya ga Babbar Sallah huɗu da idonsa kuma ya kwana lafiya, abin da kaf zuriyar raguna ba a taɓa jin wanda ya yi ba.

An haifi marigayi a jajiberin Babbar Sallar farko da Bashar ya yi a Turai. Karatun shekara ɗaya ya kai shi can, ya bar matarsa Nusaiba tana koyarwa a Gusau, da 'yarsu Husna mai shekara uku. Ranar nan Husna ta aiko da saƙon murya tana tambaya ina ragon Babanta, don ga na maƙwabta can ɗaure yana kuka. Bashar ya duba ɗakinsa, bai ga komai ba sai gado da tukunya da tulin kwalaye, domin a wani sito yake aikin naɗe kwali. Sai ya ɗauko almakashi. Kafin la'asar Allah ya kawo Ƙosau duniya, girmansa bai wuce na mage ba. Gashinsa audugar kantin magani ce, ƙafafunsa tsinken tsire, ƙahonsa kwalin takardar bayi da aka lanƙwasa, idanunsa kuwa maɓallan kaftanin Sallar Bashar ne, wanda har yau wuyansa a buɗe yake. Husna ce ta raɗa masa suna Ƙosau da ta ga hotonsa, ba ta san cikinsa fayau yake ba.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman dusa ba, bai tunkuyi yaron kowa ba, bai ɓata tsakar ɗaki ba. Ba a san shi da surutu ba. In yana cikin jaka ana tafiya, ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas. Ranar da ya ga dama yakan yi meee a saƙon murya don Husna ta yi dariya, kuma masu kunne sun ce kukan nasa ya yi kama da muryar ubangidansa ƙwarai da gaske.

Marigayi mutum ne mai son yawon buɗe ido. Duk ranar hutu Bashar zai saka shi a jaka su shiga gari, ya ɗaga shi da hannun hagu, ya ɗauki hoto da na dama. An ɗauke shi a tashar bas, an ɗauke shi a kan gada, a gaban coci mai dogon tsini, a tsakiyar tantabarun da suka fi shi ƙiba. Lokacin Kirsimeti ya yi hoto da hular ja a ƙarƙashin fitilun titi, da azumi Bashar ya yanka masa jinjirin wata na takarda ya rataya masa a wuya. Turawa na wucewa suna murmushi, irin murmushin da ake yi wa wanda ake zargin kansa ya ɗan taɓu. Hotuna sama da dubu uku ya bari, kuma babu ko ɗaya da fuskar Bashar ta fito a ciki.

Amma babbar hidimar da marigayi ya yi wa ubangidansa, wadda ba za a manta ba, ita ce ɗaukar laifi. Karatun shekara ɗaya ya ƙare tuntuni. A Bungudu har an fara kiran Bashar Dakta, shi kuwa yana nan yana naɗe kwali, hannunsa duk yanka. Kunya ce ta hana shi zuwa gida, ba wani abu ba, kunyar a gan shi yadda ya tafi, ko ma ya ɗan rame. To duk sanda Husna ta tambayi yaushe zai dawo, sai marigayi ya shiga tsakani. Bana Ƙosau bai gama ganin gari ba. Baɗi Ƙosau na mura, likita ya hana shi hawa jirgi. Wata shekarar fasfon Ƙosau ne bai fito ba. Rago bai taɓa musa ko ɗaya ba, ya tsaya da idanunsa na maɓalli ana jibga masa ƙarya shekara da shekaru. Da irin wannan biyayya ake samu a wurin mutane, da duniya ta zauna lafiya.

Ciwon ajali ya same shi ranar Juma'a a bakin titi. Bashar ya ajiye shi kan wani dakali don ya samu hoto mai kyau da jan bas a bayansa. Bas ɗin kuwa ya zo, ya taka ruwan da ya kwanta, ya yi wa marigayi wanka tun daga ƙaho har wutsiya. Nan take ƙafar hagu ta saki. An garzaya da shi gida cikin hular sanyi, aka yi masa fifita, aka aro na'urar busar da gashi a wurin wata maƙwabciya. Da safe ƙwararren likitansa, wato Bashar, ya yanke shawarar a kwantar da shi a kan hita. Gam ya narke, wuya ya karkace, ƙaho ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado. Sautin ƙarshe da aka ji daga gare shi shi ne laƙwas. Bashar ya zauna a ƙasa ya yi kuka na gaske, da gemunsa da digirinsa, ya kuma san ba kwalin yake yi wa kuka ba.

Marigayi ya bar almakashi ɗaya, da rabin kwalbar gam, da audugar da ta rage tun ranar haihuwarsa. Ya bar tantabarun dandali da ba su ma lura ba. Ya kuma bar ubangida guda ɗaya wanda yanzu ba shi da wanda zai laƙa wa laifi.

Iyalai na godiya ga duk waɗanda suka aiko da ta'aziyya. Kawu Mamman mahauci daga Tsafe ya aiko cewa, "Shekara talatin ina fiɗa, ban taɓa ganin rago da maɓalli ga ido ba. Wanga ko romo ba ya yi. Allah dai shi ba Bashar lahiya." Nusaiba ta ce ta yi baƙin ciki matuƙa, tana kuma jiran ta ji wace dabba ce za ta gaji muƙamin.

Saƙon Husna ne ya zo a ƙarshe. Yanzu shekarunta bakwai, kuma Bashar ya kwana biyu yana tsara yadda zai gaya mata rago ya tafi asibiti. Nusaiba ta riga shi faɗa mata gaskiya. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, tun ina aji ɗaya na san kwali ne. Ni hannunka nike kallo cikin hoton. Tunda ya mutu, ba mai riƙe ka. Ka kawo shi gida mu binne shi, kai da kanka."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Hukumar tsaftar gari ta ba da shawarar a saka marigayi a shuɗin bokitin shara tare da sauran kwalaye, iyalai sun gode, sun ƙi. An lulluɓe gawar da leda, tana cikin akwatin Bashar, a kan kaftanin nan marar maɓalli. An yanki tikiti, irin wanda ba a fasawa. Gawa za ta sauka a Kano saura kwana uku Babbar Sallah, a ɗauko ta a mota a bi ta Tsafe, inda Kawu Mamman ya ce kada a tsaya, a wuce Gusau a ɗauki Nusaiba da Husna, sannan a ƙarasa Bungudu. Ba za a yi masa salla ba, malamai sun tabbatar kwali ne.

Za a binne shi bayan ɗakin Inna, mahaifiyar Bashar, a gindin zogale. Husna ta riga ta haƙa ramin da ludayi ranar da suka je gaisuwa, ta kife faranti a kai kada ruwa ya cike shi, ta hana kowa taɓawa. Ba a buƙatar masu kuka, ba kuma a yarda a aiko da gawar ta hannun wani ba. Masu kiran Dakta suna iya zuwa su kira, za a amsa ko ba za a amsa ba. Hoto ɗaya tak za a ɗauka a wurin, Husna ce za ta riƙe wayar, kuma ta ce Babanta zai tsaya a gaba, ba komai a hannunsa.