Sujada a Gaban Makara

Ba zan taɓa mantawa da ranar jana'izar Alhaji Mamman mai albasa a Anacha ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Ni Bahaushe ne, Kirista, amma a Inugu aka haife ni, inda mahaifina ya yi aikin jirgin ƙasa. Lokacin da nake makarantar koyon aikin fasto kusa da Anacha, akwai darasin da ake koya mana tarihin Musulunci da aƙidarsa da ibadunsa, don mu san maƙwabtanmu. A wannan darasi babu mai ja da ni. Na haddace halifofi, na san mazhabobi, ina jero shika-shikan Musulunci kamar sunayen ƙannena. 'Yan ajinmu har "Malam" suke kirana, ni kuma (Allah ya yafe mini) ina amsawa har da gyara zama.

Malaminmu ya ce kowa ya nemi Musulmin da zai riƙa yi wa tambayoyi. Haka na san Alhaji Mamman, dattijo mai rumfar albasa a kasuwar Ose. Ya riƙe ni kamar ɗansa. In na zo sai ya turo mini buhu in zauna, ya aika a kawo shayi, ya ce, "To, Fasto, yau kuma wane yaƙi za mu yi, Badar ko Uhudu?" Sau da yawa in zan tafi yakan ce, "Karatu da kyau, ɗana, amma ka riƙa zuwa kana gani. In ana suna ka zo, in an yi rasuwa ka zo." Sai in ce, "To, Baba." Ban taɓa zuwa ba, don a lissafina jana'iza ba ta fitowa a jarrabawa.

Wata safiya babban ɗansa Nasiru ya kira ni ya ce: "Fasto, Baba ya rasu." Na hau babur ɗin okada ina kuka kamar yaro. Na tarar an ajiye makara a filin gaban masallaci, mutane na jera sahu. Can gefe, ƙarƙashin wata rumfar kwano, maƙwabtansa Ibo na kasuwa sun tsaya shiru, har da Mama Nkechi mai barkono. Nan ne wurina, kuma na sani. Amma baƙin ciki ya haɗu da girman kai, na ce a raina ai ni ba irinsu ba ne, ni na karanta salla daga kabbara har sallama. Na shige sahun baya.

Na lura sahun ya matse ƙwarai, wasu ma sun cire takalma sun tsaya a kansu. Maimakon in tambayi kaina dalili, sai na ɗauka ruɗewa ce ta sa suka manta da barin wurin sujada (ni ne ma mai yi musu gyara!). Na ja da baya kaɗan. Liman ya yi kabbara, ni kuma na rufe ido, kamar yadda na saba addu'a a coci tun ina ƙarami.

Da ya yi kabbara ta biyu na sunkuya ruku'u, hannu a gwiwa, baya a miƙe, daidai da hoton da ke littafinmu. Na jira a ce a ɗago, shiru. Da na ji kabbara ta uku sai na ɗauka an wuce ni, na zube na kafa goshi a ƙasa. Ina nan har aka yi ta huɗu aka sallame. Da na buɗe ido, ƙafafun mutane na gani, kowa a tsaye.

Wani saurayi mahauci ya ce da ƙarfi, "Wetin be dis? Ba Kiristan nan ba ne? Wasa ya zo yi da gawar Baba?"

Wani tsoho kusa da ni ya ce a hankali, "Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada, ɗana. Gawa ce a gabanka."

Ni da nake wa'azi kada a durƙusa wa kowa sai Allah, ga ni da ƙasa a goshi a gaban makara, Musulmi na kallo, Kirista na kallo. Amma ba kunyar ce ta fi damuna ba. Tsorona kada Nasiru ya ɗauka izgili na zo yi wa mahaifinsa, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Hayaniyar da ta tashi ta jawo Nasiru, idanunsa sun yi ja. Aka faɗa masa abin da ya faru. Na ce, "Nasiru, ka yafe mini. Ban gani ba, idona a rufe yake. Haka muke addu'a."

Ya matso kusa da ni. Sannan ya sa hannun rigarsa ya share mini goshi, ya juya ya ce wa samarin da suka taru a kaina, "Ku ƙyale shi, baƙon Baba ne." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji: "Ya daɗe yana cewa ka zo ka gani, Fasto. Ga shi ka zo, amma ka rufe ido."

Aka ɗauki makara, na bi su a baya har maƙabarta.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasin, kuma ɗalibaina na mamakin yadda nake daɗewa a kan sallar gawa. In maƙwabcina Musulmi ya rasu kuwa, nakan je da wuri, in nemi inda irin su Mama Nkechi suka tsaya, in tsaya tare da su, idona a buɗe.