Rasuwar Uwar-Ɗaki, Ordinatar Bakin Tashar Gazawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni Hafizu Sale, mai shagon buga takardu a bakin tashar Gazawa, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar ordinatata, wato kwamfutata, wadda aka fi sani da Uwar-Ɗaki. Ta cika ranar kasuwar Gangara da hantsi, a idon jama'a, bayan gajeruwar jinya.

Marigayiyar ta zo hannuna da tsufanta, daga buron wani furoje, wato ofishin wani shirin raya ƙasa, da ya tattara ya tafi. Madam Balkisu, mai koyar da aikin ordinata a Maraɗi, ita ta wanke ta, ta zuba mata Linuks, tsarin nan na kyauta da ba ya raina tsohuwar na'ura. Tun daga nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ta buga takardun neman aiki da katunan suna, ta jure zafin bazara da ɗaukewar wuta ba ƙorafi. Da safe takan ce "tit" sau ɗaya, fankarta ta ɗauki "huuu", mai shayin gefena ya san gari ya waye.

Ga yadda ciwon ajalinta ya kasance. A bana, da sojoji suka ce za su mai da mulki hannun farar hula, surukina Malam Nomau, mahaifin matata Rahina, ya fito takarar kwanseye, wato kansila, a Gangara. Ya yi niyyar zuwa Maraɗi a buga masa hotunan mannawa a bango. Ni na hana shi, a gaban dattawa. Na ce, "Haba Baba, ga naka a gida?" Na tsara komai a cikin Uwar-Ɗaki, sai bugawa kawai, don farar takardar sai da safen kasuwa ta iso.

Malam ya zo da mutanensa suka cika benci, mota na jiransu a waje. Na kunna ta, sai ta dakata a baƙin allo, ta rubuta cewa ba ta ga fayil ɗin irinta ba. Wata ƴar ajiya ce da take yi wa kanta duk lokacin da aka kashe ta, kamar irin geron da manomi ke ɓoyewa don damina, da ita take fara haɗa lambobinta na sirri in ta farka. Bayan kukan nan ta daure ta buɗe, da ƙyar. Da na buga hotunan a lokacin, da an wuce wurin.

Amma idon surukai na kaina, ina so su ga gwaninta. Na bi sawun irin har ma'ajiyarsa, na tarar wayam. Na yi ƙoƙarin ƙirƙira mata sabo, ta ƙi karɓa. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna, gumi na ɗiga a kan madannai. Sai idona ya faɗa kan Chindo, ƙanin Rahina, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, da kan zo ya yi wasan karta a kanta in aiki ya yi sanyi.

Na ce, "Kai ka goge shi."

Ya ce, "Wallahi Yaya, ban da karta ban san inda ake taɓawa ba."

Na maimaita, da ƙarfi, a gaban mahaifinsa. Malam bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja.

Daga ƙarshe na buga wa Madam Balkisu waya. Ta ce, "Hafizu, ɓatan iri ba ciwo ba ne, da kanta take sake wani. In ta kasa, diskinta, rumbun ajiyarta, ne ke mutuwa, ba wanda ya goge komai. Kada ka sake kashe ta, kwashe aikinka yanzu-yanzu."

Kafin ta rufe baki yatsana ya riga ya danna maɓallin kashewa. Uwar-Ɗaki ta yi "ƙas, ƙas, ƙas" daga can ciki, fanka ta yi shiru. Ba ta sake farkawa ba.

Malam Nomau ya miƙe ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Ba komai, Hafizu. Mutanen Gangara sun san fuskata." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. An ce a kasuwa ya hau benci ya yi magana da bakinsa, fuskokin abokan takararsa na kallonsa daga kowane bango.

Marigayiyar ta rasu ta bar na'urar bugawa cikin takaba, da madannai masu gurgun harafi ɗaya, da damin farar takardar da ba a taɓa ba. Ta kuma bar Rahina, wadda ke ajiye mini tuwo ta fita ba magana.

Za a yi mata sutura a cikin kwalin sabulu ranar Asabar bayan azahar, a sa ta a motar Maraɗi, inda Madam Balkisu za ta buɗe cikinta ko Allah zai sa hoton Malam ya tsira, tunda zaɓe bai wuce ba. Fankarta na bayar sadaka ga ordinatar lakol, makarantar bokon garinmu. Na roƙi Chindo ya ɗauki gawar zuwa mota, na aika masa ban-haƙuri ta bakin yayarsa, ina jiran amsa.

Za a karɓi gaisuwa a shago. Wanda ya tarar da ƙofa a rufe ya ƙwanƙwasa a hankali, ina ciki.