Rasuwar Igiyar da Ke Kai wa Baba Muryar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da har yanzu ya ƙi lafawa, Direba mai farar motar lantarkin nan da ke kwana a rumfar ƙofar gida yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da fasinjojinsa rasuwar Igiya, wadda ta yi shekaru tana haɗa wayarsa da allon motarsa. Rai ya yi halinsa ne a wurin caji, da rana tsaka, tana bakin aikinta. Ba ta yi jinya ba, ba ta tsinke ba, ɓera bai taɓa ta ba. Da lafiyarta garau aka kashe ta, kuma iyalanta sun san waɗanda suka yi.

Marigayiyar baƙa ce, siririya, da ɗan salatif a wuya tun ranar da wata fasinja ta fizgo ta da hannun jaka. A teburin wani mai sayar da kayan waya Direba ya same ta, a makon da ya karɓi motar, kuma tun daga ranar ba ta taɓa saɓa masa ba. Ya soka ta a waya, ta ce "ƙit", motar ta amsa da "tilin", shi ke nan duk abin da ke cikin wayar ya hau allo: taswira, kiran fasinja, waƙoƙin da yake ragewa idan dattijo ya shigo. Abokan sana'arsa sun sha yi masa dariya, wai mutane na haɗa waya da mota ta iska shi yana fama da igiya kamar mai kiwon akuya. Nasu ya yi ta yankewa a tsakiyar hanya, tasa ko gezau. Ta sha rana, ta sha shayin da ya zube mata, an datse ta da ƙofa ba sau ɗaya ba. A duk tsawon zamansu ba ta taɓa tsayar da shi a ƙarshen wata ta ce ya kawo wani abu ba, halin da ya kamata wasu masu ɗaure wuya da laktaye su zo su koya a bakin kabarinta.

Amma babban aikinta ba na titi ba ne, na gida ne. Baba, mahaifin Direba, kunnensa ya yi nauyi. A ɗaki sai an ɗaga murya kamar ana faɗa kafin ya juyo, waya kuwa idan aka kara masa a kunne gunaguni kawai yake ji. 'Yarsa Auta aure ya kai ta nesa, inda zuwa sai an yi shiri da tanadi. Wata rana ta kira Direba yana kan hanyar mayar da Baba gida daga asibiti, gilasai a rufe, motar ba ta da ƙarar inji, sai muryarta ta fito ta ƙofofi, ta gaba, ta baya, ta cika motar. Baba ya dafe kujera ya ce, "Auta? Ke ce?" Rabon da ya ji maganarta kalma-kalma har ya manta.

Daga nan ya zama ƙa'ida. Duk safiyar da Auta za ta kira, Baba zai sa hularsa mai kyau, ya fito da sandarsa, ya shiga gidan gaba ya rufe ƙofa. Direba ya soka Igiya ya koma gefe ya tsaya, fasinja na jira ko ba ya jira. Ta gilashi yake hango tsohon yana dariya, yana nuna allo da yatsa, yana yi wa Auta faɗan ba ta cin abinci. Motar ba ta motsa ko taku ɗaya, amma babu tafiyar da Direba ke so kamar wannan.

Ajalin marigayiya ya zo ne a cikin saƙo. Kamfanin da ya ƙera motar ya turo rubutu a allo, wai akwai sabuntawa domin ƙarin jin daɗin masu mota. Babu wurin cewa a'a, sai "yanzu" ko "an jima". Direba ya yi ta danna "an jima" har suka gaji da tambayarsa, suka shiga da kansu suka yi sabuntawar ranar da ya bar motar tana caji ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya soka Igiya, ta ce "ƙit" yadda ta saba. Motar ta yi gum.

Ya hura mata iska a baki, ya goge ta da gefen riga, ya juya ta, ya aro ta maƙwabci, duk a banza. Ya gwada ta iskar da ya raina, ita ma an toshe. Mai gyaran wutar mota ya duba ya miƙo masa ita ya ce, "Maigida, igiyarka ƙalau take. Daga can aka rufe ƙofar, kuma makullin ba ya hannuna."

Sai Direba ya je can ɗin. Ɗaki ne mai sanyi, mai ƙamshi, motoci na sheƙi kamar ba za su taɓa taka ƙasa ba. Wani ma'aikaci mai laktaye ya tare shi da murmushin da bai kai ido ba, ya bayyana masa cewa yanzu motar ba ta hulɗa da wayar kowa. Tana da taswirarta, da waƙoƙinta, da hanyar kiranta, duk masu kyau, sai dai ana biya wata-wata.

"Sifikokin da ke jikin ƙofofin nan na wane ne?" in ji Direba.

"Naka ne, yallaɓai."

"Allon fa?"

"Shi ma naka ne."

"To kuɗin me zan biya?"

"Damar amfani da su, yallaɓai. Ai ba mu cire komai ba, inganta muku muka yi."

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan rashin kunya. Mutum ya sayi gida, ya biya, ya tare, sai magini ya dawo ya sa kwaɗo a ɗakin girki ya ce a riƙa ba shi na buɗewa. Ɓarawon titi ma ya fi su mutunci, shi idan ya ƙwace ba ya cewa ya inganta maka. Direba ya fito, ya tsaya a wurin caji gaban abokan sana'arsa ya rantse cewa gara a yanke masa hannu da ya ba mutanen nan ko sisi. Aka tafa masa. Ya sayi wani ɗan maƙali na roba ya manna wayar a gilashi, ya ci gaba da aikinsa yana leƙen ƙaramar taswira, yana tsine wa kamfani a kowace kwana. Da shi kaɗai ne, da har gobe yana kan bakansa.

Baba ne matsalar. An sayo masa ƙaramar sifika, ya ce kamar ana magana a cikin tulu. An sa masa na toshe kunne, ya cire ya ce ƙwari ne. Ya ci gaba da sa hula yana shiga motar yana zama, yana kallon allon da ke nuna masa tallan biyan kuɗi. Direba ya yi bayani da ƙarfi, ya yi da hannu, bai shiga ba. A lissafin tsohon, motar tana nan, Igiya tana nan, ɗansa yana nan, saboda haka abin da ya canza ba zai wuce mutum ɗaya ba.

"Ɗan nan," in ji shi, "faɗa min gaskiya. Wani laifi na yi wa Auta?"

Ita kuma Auta tana can tana kuka a waya. "Yaya, don Allah nawa ne? Ni zan riƙa biya."

"Ba maganar nawa ba ce," in ji Direba, ya kashe wayar, ya zauna yana jin haushin ta, da na kamfani, da na kansa.

Shekaranjiya da safe Baba bai fito ba. Direba ya leƙa ɗaki ya same shi zaune a bakin gado, hular na rataye a ƙusa. Ya ce masa lokacin kiran ya yi. Tsohon ya girgiza kai ya ce a ƙyale yarinya, tana da hidimar gidanta, kada a takura mata. A nan ne Direba ya tabbatar Igiya ta mutu, domin har zuwa safiyar ranar yana soka ta kullum ko za a dace.

Marigayiya ta rasu ta bar waya, abokiyar zamanta, wadda yanzu ke rataye a gilashi rana na dukanta. Ta bar allo da sifikoki, waɗanda ke raye amma a hannun masu garkuwa. Ta bar maƙalin roba, wanda ba danginta ba ne, gado kawai ya zo ci, kuma yana faɗowa duk lokacin da aka shiga rami. Ta bar Direba, da Auta, da Baba.

Iyalan suna godiya ga duk wanda ya jajanta, ban da kamfani. Saƙonsu na cewa sun yi kewar Direba kuma watan farko kyauta ne ya iso, an karanta, an kuma yi musu addu'ar da ta dace da su. Kada su turo wakili, ba a ɗauki alhakin abin da zai same shi ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a rumfar ƙofar gida. Za a naɗe marigayiya a farin hankici, a kwantar da ita a aljihun gaban mota kusa da takardu. Bayan an rufe, Direba zai zaunar da mahaifinsa a gidan gaba, ya sa yatsansa a kan allo ya danna wurin biya. Ana roƙon abokan sana'ar da suka ji rantsuwarsa su zo da bakinsu a rufe, kuma kada kowa ya kalli fuskarsa a lokacin. Baba dai an ce masa an gyara hanyar kiran ne, kada wani ya ƙara masa bayani.

Wanda bai samu zuwa ba kada ya damu. Daga gobe kunnen Baba na haya ne, saboda haka za a riƙa karɓar gaisuwa duk ƙarshen wata, muddin tsohon yana raye.