Ranar da Na Gyara Mukayyif

A unguwarmu ta Hindawiyya ni ce mai zubar da ruwan da mukayyif ke ɗigarwa saboda damshin Jidda. Shi ya sa da muka koma wani gari a tsakiyar sahara, na ɗauki kaina gwanar na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar da Umma ta gayyaci sababbin maƙwabta shan gahawa, na leƙa bayan gida, na ga wani siririn tiyo yana ɗura wa mukayyif ruwa. Na ce lallai an yi shirme. Na rufe famfon, na koma ciki ina jiran yabo.

Can sai iska ta koma kamar ta bakin tanda. Baƙi suka kama fifita da mayafi, Umma tana ta ba su haƙuri.

Da ƙyar na ce, "Umma, ni na gyara shi. Ruwa ke shigar masa."

Wata dattijuwa ta tuntsire da dariya. "Ya binti, na garin nan da ruwa yake sanyi! Yalla, je ki buɗe!"

Har yau, ko fitila ce ta mutu, sai Yaya Habibu ya ce, "A kira Injiniya, amma a tsare famfo."