Doki Mai Zuciya Biyu

Duk Garwa babu wanda ya san doki kamar Alhaji Zulkifilu. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa zai ƙaryata mai tireloli uku na auduga? Bai taɓa hawa ba, amma ya kalli sukuwa a waya har sau huɗu. Abokan shayinsa suka naɗa shi Farfesan Dawaki, ya amsa da hannu biyu.

Da ya sayo ingarma daga Pitowa don sukuwar Lahadi, sai ya kira tsoho Mahamat, mai kula da doki shekara talatin, ya ba shi darasi.

"Kanwa da gishiri na jakunan ƙauye ne. Ruwa ma a rage, yana sa nauyi. Haka ake yi a Faris."

Watan Maris ne, rana na dafa ƙwai. Kullum a lulluɓe dokin da bargon karammiski, a yi ta kora shi da gudu a bakin kogin Binuwai har azahar, gumi na zuba kamar an matse tsumma. Rana ta huɗu sai kwiɓinsa ya fara harbawa, dum, dum, daidai da bugun zuciyarsa.

"Alhaji, shaƙuwa ce," in ji Mahamat. "Gishirin jikinsa ya bi gumi. A kira likita."

"Jahilci ciwo ne!" Farfesa ya tara maƙwabta. "Ku ɗora hannu ku ji. Zuciya biyu gare shi, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Kakanninsa na Misira duk haka suke."

Aka tafa. Mai zuciya biyu kuwa ya ƙi dusa, ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa na rawa. Mahamat bai ƙara neman izini ba, ya hau babur ya ɗauko Madam Chantal, likitar dabbobi. Ta yaye karammiskin, ta ja dokin inuwa, ta ɗaura masa ƙarin ruwa da sinadaran da ya rasa. Kafin la'asar kwiɓin ya lafa, dokin ya kafa baki a bokiti. Sukuwar Lahadi dai ta ce a manta da ita.

Farfesa ya shafa cikin dokin, ya ji shiru.

"Madam, kin kashe masa zuciya ɗaya! Kin san ko ni wane ne?"

Ta rufe jakarta a hankali.

"Alhaji, da gishirin da kake ƙara wa zance ka ba dokin nan ko da rabi, da ban zo ba."