Rasuwar Ba-Gaggawa, Motar Alhaji Dabo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu baƙin mai wanda sabulu ya gaza fitarwa, iyalan Alhaji Dabo mai goro na unguwar Zongo, nan Wagadugu, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, kat-kat ɗin nan mai ja da ƙafa huɗu, mai ruwan ƙasa, da kowa ya sani da suna Ba-Gaggawa. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan hanyar garin Kaya, babu kowa a kanta sai mai ita da wasu awaki da suka tsaya kallo.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa, tun ƙasarmu tana amsa sunan Volta. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wasu nasaru masu haƙa rijiyoyi a arewa, ta sha rairayin Dori har ta ƙoshi. Da suka gama cin moriyarta suka sa ta a gwanjo. Alhaji Dabo kallo kawai ya je yi, sai ga shi da la'asar ya shigo Zongo zaune a cikinta, ƙarti huɗu suna turo shi. Tun daga wannan rana har kusa da ƙarshen rayuwarta ba ta taɓa tashi da makulli kaɗai ba.

Ta kasance mai haƙuri da juriya. Ta kai goro kasuwannin Kaya da Puytenga shekara da shekaru, ta ɗauko ragunan layya, ta kai masu naƙuda asibiti. Da damina, idan Alhaji ya ja mata ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafunta huɗu su ja tare, babu taɓon da take jin tsoro. Mutanen Tiendpalogo ba su manta ranar da ta ciro wata tsaleliyar mota daga kwata ba, mai motar yana ta zuba godiya da Faransanci, ita kuwa ta tofa masa hayaƙi a farar riga ta yi gaba.

Alhaji bai taɓa kai ta gareji ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙofar gida yake shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Yakan ɗora sukundireba a kan inji ya kanga kunne, ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare, sannan ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Da hannunsa ya sa mata sakatar ƙofar shago a ƙofar direba. Da tankin mai ya ɓule ya ɗaura mata jarka a bayan kujera. Ƙahonta na wata tsohuwar babbar mota ne, in ya danna shi kajin unguwa sai sun yini ba su dawo ba. Langunan auren Hajiya Zinariya, matarsa, duk sun ƙare a zuba noti da ƙusa, ta yi faɗan har ta gaji ta bar wa Allah.

Amma aikin da ya fi alfahari da shi shi ne na radiyater, wato ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji. Wata shekara ta fara ɗiga, sai ya fasa mata ƙwai, ya haɗa da garin taba, ya zuba a ciki. Daga nan duk ranar da ya buɗe murfin sai ya tarar da ruwa cike fal. Babu baƙon da zai zauna a gidan nan, ko daga Kano ya zo, da zai tashi bai ji labarin ƙwai da taba ba.

Duk wannan ba shi ne babban aikin marigayiya ba. Babban aikinta shi ne tara mutane. Tunda ba ta tashi sai an tura, kullum bayan sallar asuba dattawan Zongo sukan biyo Alhaji daga masallaci su tsaya a ƙofarsa. Shi ya shiga ciki ya sauya riga ya ɗauko makulli, su kuma su naɗe hannun riga. A dafa ta, a yi bisimilla, ta ce kur-kur-kur, ta yi tari tuf, tuf, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan garam! ta kama. Sai a bar ta tana ɗumi, a zauna a tabarma, Hajiya ta aiko da koko da ƙosai, a taɓa siyasa, a taɓa tsadar shinkafa a kasuwar Sankaryare. A cikinsu akwai waɗanda in ba wannan kokon ba sai azahar za su sa wani abu a baki, amma ba wanda zai ce sadaka ya ci, ai guminsa ne. Har da Malam Ɗantsoho, wanda ciwon baya ya hana shi turi amma bai taɓa fashi ba, kullum yana nan da butar alwalarsa a hannu. Alhaji kuwa, da 'ya'ya suka watse, kasuwar goro ta ja baya, wannan zaman shi ne abin da ya rage masa. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya leƙo ya ga ƙofarsa ba kowa.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hanyar alheri. Maijidda, 'yar autarsa mai aikin ofis a unguwar Paspanga, ta zo wata Lahadi da kwali a bayan babur.

"Baba, wallahi ça suffit, ya isa haka," in ji ta. "Tsofaffi na tura ka kullum, mutane na mana dariya. Ga demarer, na'urar tayar da inji, na sayo maka, sabo fil. Ka murɗa makulli kawai, c'est tout, shi ke nan."

Ya kamata Alhaji ya sa mata albarka ya tura kwalin ƙarƙashin gado. To amma mutumin da ya shekara talatin yana ɗaure mota da waya, a miƙa masa sabon ƙarfe mai ƙyalli? Kafin magariba ya ɗaura shi. Washegari dattawa suka naɗe hannun riga, suka dafa. Alhaji ya leƙo ta taga yana murmushi ya ce, "Ku huta, jama'a, yau ku sha kallo." Ya murɗa makulli. Marigayiya ta ce wuiii, garam, da wata murya da ba a san ta da ita ba. Don daɗi bai ko tsaya koko ba, ya ɗaga musu hannu ya yi gaba, ya bar su tsaye da hannuwa a sama.

Kwana biyu suka zo suka sha kokon a ɗarare. Daga nan wannan ya ce jikansa ba lafiya, wancan ya ce ƙafa. Dattijon Zongo zai iya kwana da yunwa, amma ba zai zauna a ƙofar wani ya sha abin da bai yi wa aiki ba. Malam Ɗantsoho ne ya fi daɗewa, shi ma ya ga zaman mutum ɗaya ya yi kama da roƙo, ya ɗauke ƙafa. Hajiya ta koma dama koko a ƙaramar tukunya. Alhaji yakan fito ya tarar da tabarma a naɗe, ya tayar da mota cikin ƙiftawar ido, ya zauna a ciki ya rasa inda za shi. Abin ya ci shi ƙwarai, amma girman kai ya hana shi kwance demarer ɗin.

A ranar Talatar, bayan sun wuce gari kaɗan, ta fara wari kamar an bar tuwo a wuta. Ta ce kaf-kaf-kaf, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta saki wani dogon tsaki, fuuu, ta tsaya. Da ya buɗe radiyater babu ko ɗigo. Inji ya ƙone ƙurmus. Da amalanken jaki aka jawo ta gida, jakin ma sai da aka yi ta ba shi haƙuri.

Da yamma Malam Ɗantsoho ya zo gaisuwa. Ya zauna, ya ajiye butarsa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya ba da haƙuri. Amma wa ya riƙa ba ta ruwa bayana?"

"Wane ruwa?"

"Na buta mana. In ka shiga ɗauko makulli. Tunda ba na iya turi, na ce kada in sha koko a banza."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar ƙwai."

Sai a nan ta bayyana duk majalisar ta sani. Ba wanda ya so ya ɓata wa dattijo labarinsa, da aka watse kuma kowa ya ɗauka wani zai faɗa masa. Alhaji ya ƙura wa butar ido. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa ya yi hawaye, kuma ba don inji ba ne. Garin neman gira ya rasa ido.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, kowace da ubanta daban, da jak guda mai jin tsoron nauyi, da jarka, da sifana masu yawa, babu mai lamba goma a cikinsu. Ta bar demarer, maraya, wanda iyali ba sa riƙe shi da komai a zuci, amma duk mai so ya zo ya ɗauka kafin Alhaji ya jefa shi a rijiya. Ta bar Maijidda, wadda ake roƙon jama'a su daina yi mata kallon nan, alheri ta nufa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma kada a sake tambayarsa. Za a ciro injin ranar Asabar a kai wa Illiya mai tsofaffin ƙarafa. Gangar jikin kuwa tana nan a ƙofar gida, Alhaji ya ce ba inda za ta. Sai dai Hajiya Zinariya ta kafa sharaɗi: ba za ta yarda shara ta taru a ƙarƙashinta ba, dole kullum da safe a gusa da ita gaba kaɗan a share, a maido ta inda take. Mota ce mai nauyi, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Saboda haka ana neman duk wanda ya taɓa dafa marigayiya tana da rai, ya taimaka ya zo ranar Lahadi bayan sallar asuba, da kowace asuba bayanta. An sauko da babbar tukunyar koko. A gurbin injin Hajiya za ta ajiye kaskon na'ana'a, kuma an ce shukar ba ta jure ƙishi. Alhaji Dabo da bakinsa ya ce a gaya wa Malam Ɗantsoho ya zo da butarsa.